Ƙarfen da Ke Cinyata

Tun da hantsi fitsari ya matse ni, ga shi har an kira azahar a masallacin bayan layinmu ban samu na yi ba. Fo ɗin yana ƙarƙashin gado, da zan karkata kaɗan in miƙa hannu da na taɓo shi. Amma Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana zaune a tabarma daidai wurin, ta miƙe ƙafafu tana jan carbi, idonta a kan ruwan da ke kwarara daga bakin kwano. Ruwan Libreville ba ya shawara da kowa, in ya sauko sai ya gaji don kansa. Rufin ɗakin yana ta ruri, ni kuwa ina kwance rigingine na cije leɓe, gumi yana bin bayan kunnena.

Ta juyo ta dube ni. "Sajida, ko jikin ne?"

"A'a Hajiya, da sauƙi."

Da sauƙi. Kwana biyar ke nan da zuwanta daga Najeriya don ta yi jinyata, kuma ban san sau nawa na ba ta amsar nan ba. To me zan ce? Da wane bakin zan ce wa uwar mijina ta miƙo mini fo? In ma na rufe ido na faɗa, ita ce za ta ɗauka ta ratsa tsakar gidan haya da shi, maƙwabta suna kallon tsohuwa mai shekara saba'in tana zubar da fitsarin matar ɗanta. Wallahi na gwammace marata ta fashe.

Da ta miƙe da ƙyar ta ɗauki buta ta fita alwala, sai na yunƙura. Sandunan da asibiti suka ba ni suna can jingine a bayan ƙofa, ita ta kawar da su da safe da za ta yi shara, ni kuma na kasa cewa ta dawo mini da su. Na dafa gefen gado, na sauke ƙafar dama, na tsaya ina kallon ta hagu, wadda aka yi wa aiki. Likita ya ce sati goma sha biyu kada ta ɗauki nauyina, ko da na taku ɗaya ne. Ranar kwana goma sha tara da aikin. Na ce bismillahi na taka, na ja fo ɗin zuwa bayan labule, na rage tsawo a kansa yadda aka hana ni. Kafin Hajiya ta dawo na rufe shi da tsohuwar jarida, na koma na kwanta.

* * *

Da ɗingishi na tashi. A Dambatta, garinmu, yara suna kirana Mai-rangaji, saboda in ina tafiya sai in karkata hagu. Innata, Allah ya ji ƙanta, ta kai ni wurin masu ɗori har uku. Kowanne ya ja ƙafar, ya tofa, ya ce iska ce, in na girma za ta daina. Ba ta daina ba. Da ita na yi aure, da ita na haifi 'yata Muna, da ita na biyo maigidana Taufiƙ zuwa Gabon. Ɗingishin bai dame ni sosai ba, mutum yana sabawa da kallon mutane. Ciwon ne ya zo daga baya ya hana ni sakat.

Gidan da muke haya a unguwar Akébé ta Libreville yana can ƙasan kwari. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu matakala arba'in da uku ce, wasu na siminti, wasu tsofaffin tayoyi ne aka cika da ƙasa. Kullum da safe ina hawansu da kaskon ƙosai a ka, in soya wa masu jiran taksi. Shekara biyun ƙarshe da hannu nake ƙarasa hawan, wani abu yana gurzar wani a cikin ƙuguna. Shekarata talatin da biyu, amma in na zauna sai an ba ni hannu nake tashi.

Maƙwabciyata Aïssata ce ta matsa sai na je asibiti. Mutuniyar Garwa ta Kamaru ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, Faransanci a bakinta kamar ruwa, ni kuwa nawa bai wuce na cinikin ƙosai ba. Ita ta zame mini tafinta. Likitan ƙashi, wani dogo mai furfura a gemu, ya daɗe yana kallon hoton ƙuguna, sannan ya ɗauki kofin shayinsa da ɗan farantin da ke ƙarƙashinsa. Ya ce kan ƙashin cinyar kowa yana zaune ne a cikin rami mai zurfi irin kofin nan, ni kuwa an haife ni da nawa ramin a baje irin farantin, shi ya sa ƙashin yake zamewa yana cin gefe. Ba iska ba ce, ba kuma hannun kowa. Hawaye ya zo mini, don duk tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ke damuna.

Ya ce zai yanka ƙashin cinyar daga sama, ya juya kansa ya zauna daidai, sannan ya ɗaure da wani ƙarfe mai huji-huji, tsawon tafin hannuna, da kusoshi bakwai. Ya ciro irin ƙarfen daga aljihun tebur ya ba ni na riƙe, sanyi ƙalau, ba shi da nauyi. Sai ya ɗaga yatsa ya yi magana a hankali, Aïssata tana juya mini.

"Ya ce ƙarfen nan ba ƙashi ba ne. Riƙo kawai zai yi kafin ƙashinki ya haɗe. Sati goma sha biyu, ba taka ƙafa, ba tsuguno, ba durƙuso, ba zama a ƙasa. Salla ma a kujera. In kin kiyaye za ki yi tafiya a miƙe, ba ciwo. In kin ɗora masa nauyi zai lanƙwashe, kuma irin gyaran nan sau ɗaya ake samunsa."

Na ce ko wata goma sha biyu ne zan kiyaye. Da gaske nake.

* * *

Sati biyun farko bayan aikin maigidana ne ya yi jinyata, kuma ba zan ɓoye ba, a aurenmu kaf ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Shagonsa na kayan masarufi yana unguwar Sotega. Da rana tsaka sai ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya hau klando, motocin hayan nan da ke shiga lungu, ya dawo gida. Shi ke ɗaga ni, shi ke goge mini jiki da ruwan ɗumi, shi ke fita da fo ba ko yamutsa fuska. Ya ɗora kujerun roba biyu a kan juna don su yi tsawo yadda likita ya ce. Girkinsa kuwa sai dai a yi shiru: taliya da sardin safe da yamma, yau gishiri ya yi yawa, gobe ya manta da shi gaba ɗaya. Ina ci ina tsokanarsa, yana cewa in warke in rama.

Amma shago ba ya rayuwa a rufe, dole a nemo mai jinya daga gida. Innata ta rasu, Muna tana Kano wurin yayata tana makaranta, ba ta ma isa ba. Na ce a ɗauko mini ƙanwata Khairunnisa, wadda na goya da bayana, wadda zan iya cewa ta wanke mini ko'ina ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ya amince, har an fara neman takardu.

Sai maganar ta kai kunnen Baffa. Baffa, wato Alhaji Maitama, ƙanin mahaifin maigidana ne, shi ya kawo shi Gabon yana saurayi. A garin Ntoum, can wajen Libreville, yake zaune yana harkar raguna, kuma a danginsu da ke ƙasar nan ba a yanke komai sai da shi. Ya kira maigidana a waya ya ce ashe haka ya lalace, zai sa ƙanwar mata a jirgi alhali matar da ta haife shi ba ta taɓa ganin inda yake neman abinci ba? Ya ce wa ya fi uwa iya jinya? Maigidana ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce ai Hajiya ma uwata ce. Na yi shiru, kuma shirun nan yana cikin abubuwan da nake cizon yatsa a kansu.

Ranar da Hajiya ta sauka, ranar na rasa mijina. Ɗaki ɗaya da falo gare mu, sai ya kwashe 'yan kayansa ya koma kwana a shago. Da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya tsaya daga bakin labule ya ce ya mai jiki, yana kallon bango. Mutumin da shekaranjiya yake ɗaga ni cak, yau ba zai iya miƙo mini kofin ruwa ba, don kada mahaifiyarsa ta ga yana yi wa mace bauta. Na ji haushinsa, har yanzu ina ji. Amma na san da zai matso, ni da kaina zan ce ya ja baya, Hajiya tana kallo.

* * *

Kada wani ya ɗauka Hajiya muguwa ce. Ko kusa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da aka ɗauko daga gidan da ta sani aka ajiye a ƙasan kwari, inda ba ta jin yaren kowa. Tukunyar gas tana ba ta tsoro, ta ce bam ce. Sai ta sa aka sayo gawayi, ta zauna a bakin ƙofa tana fifita wuta. Gawayin ya sha laimar garin, hayaƙi ya turnuƙe, matar ɗakin kusa ta fito tana zazzaga mata masifa da Faransanci, ita kuma tana ta cewa sannu, sannu. Ina kwance a gado ina jin tarinta.

Sai masu dubiya. Matan unguwa, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Garwa, suka riƙa zuwa rukuni-rukuni da lemo a leda. Su cika ɗaki, su yi sannu, su sha shayi, su bar kofuna. Ba wadda ta taɓa cewa ina wankinki. Amma duk sun ga Hajiya tana kwana a tabarma ni ina kan gado, sun ga ta shigo da bokiti tana haki. Wata ta ce, "Kin more, Sajida. Mu uwar miji muke yi wa hidima, ke kuwa ita ke yi miki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin sati ya zagayo Aïssata ta ji maganar a kasuwa an ƙara mata gishiri, wai na sa an ɗauko tsohuwa daga Najeriya na mai da ita baiwa.

Daga nan na fara. Na ce wa Hajiya zafi ke damuna a gadon, ta hau, ni zan kwanta a katifa a ƙasa. Ta ƙi sau biyu, yadda ake yi, a na uku ta hau. Tashi daga ƙasa da ƙafa ɗaya ba ya yiwuwa, sai an dogara da ɗayar. Na fara kunna gas da kaina, da farko a kan sanduna biyu, daga baya na ga suna hana ni ɗaukar tukunya, na jingine ɗaya. Na fara wanke kofunan baƙi. Abinci kuwa, likita ya ce in ci kifi in sha madara don ƙashi ya samu abin haɗewa, amma ni ban taɓa tauna a gaban surukata ba. Sai in jira ta yi barcin rana, in juya fuska bango in tura loma uku.

Aïssata ranar Lahadi kaɗai take samun zama, sauran kwanaki tun safe tana kasuwa. Da ta same ni a tsaye ina tuƙa tuwo, ta fizge muciyar daga hannuna, ta matso tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ko na haukace ne, ta ce bari ta je ta yi wa Hajiya bayani da kanta. Na riƙe mata zane na haɗa ta da Allah. Na ce in ta faɗa, Hajiya za ta ɗauka ni na aiko ta, kuma zancen zai isa Dambatta kafin ta rufe baki.

"Ƙafar taki ce, ba ta Dambatta ba," in ji ta.

Na san gaskiya ta faɗa, na kuma karɓi muciyata.

Ita ma Hajiyar takan ce in kwanta abina in huta, kuma da zuciya ɗaya take faɗa. Amma kaɗaici yana sa ta hira, hirarta kuwa ta zamanin da ce: yadda ta daka wa tata uwar mijin gero kwana uku da haihuwa, yadda ba ta taɓa zama a kujera a gaban surukanta ba har suka koma ga Allah. Ba gugar zana take yi ba, ƙuruciyarta kawai take tunawa. Ni kuma sai in rasa wanne zan ji, maganar ko labarin. Haka muke yini mu biyu a ɗaki ɗaya, ita tana ƙirga kwanakin komawa gida, ni ina ƙirga satuttuka a kalandar bango, kowa da abin da ke cinsa, ba mai iya gaya wa ɗaya. Ko lokacin da na zo Gabon ban san kowa ba, ban ji kaɗaici irin na zaman nan ba.

* * *

Ranar Juma'ar sati na shida, saura kwana huɗu in koma ganin likita, Baffa ya zo daga Ntoum. Bayan an sauko daga masallaci suka gangaro matakalar, shi da limamin unguwa da wasu dattawa uku, maigidana a gaba yana riƙe wa Baffa hannu. Sun zo gaida Hajiya, su kuma duba ni. Aka shimfiɗa tabarmi a falo, duk suka zauna a ƙasa, Hajiya daga gefe ta ja mayafi.

Aka ce in fito. Na fito a kan sanduna biyu na yi sallama. Doguwar kujerata tana nan a kusurwa, in na hau ta gwiwoyina za su zo daidai da rawanin liman. Na tsaya tsakanin kujerar da tabarma. Magana ɗaya nake jira, wani ya ce zauna abinki, ai lalura ce. Na kalli maigidana, wanda ya san dokar likita kamar yadda na san ta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Baffa yana tambayar Hajiya labarin damina a gida, bai ma ɗago ba, jira yake a gaishe shi yadda aka saba.

Hajiya ta ɗan karkato ta ce a hankali, "Baffanku ne."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce in durƙusa ba, ba wanda ya ce. Na jingina sandunan da bango, na dafa ƙyaure, na fara sauka. Gwiwar dama ta kai ƙasa lafiya. Da na saki ƙyauren nauyina ya koma ta hagu, sai wani abu ya ce ƙas a can cikin cinyata, kamar an karya rake a cikin zane. Ba wanda ya ji sai ni, ni ma a haƙorana na ji shi. Falon ya yi duhu ya dawo. Na ji bakina yana cewa Baffa ina yini, an zo lafiya, ya hanya.

"Madalla, madalla," in ji Baffa, ya waiwaya wurin liman. "Ka gani ko? An ce wata uku ba za ta motsa ba. Likitoci da tsoratarwa. Jiki ya yi kyau."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Mutum ne mai son tsawaita addu'a. Ya roƙa wa Hajiya, ya roƙa wa mamatanmu, ya roƙa wa kasuwa albarka, ya roƙa wa ƙasarmu da wadda muke ciki zaman lafiya, sannan ya zo kaina. Ya ce Allah ya haɗa ƙashi, Allah ya miƙar da ƙafa, Allah ya sa an yi ke nan. Ina durƙushe a kan ƙashin da ya riga ya rabu, gumi yana ɗiga daga haɓata yana jiƙa tabarma, ina cewa amin tare da su.

Da suka tashi ban motsa ba, suka ɗauka ladabi ne. Maigidana ya raka su sama, Hajiya ta bi su har ƙofar gida tana ba Baffa saƙo. Na kwanta a gefen dama na ja jiki da gwiwar hannu har bayan labule, na cusa gefen zane a baki kada a ji ni.

* * *

Kwana huɗun nan a kwance na yi su, na ce zazzaɓi ne. Ƙafar ta juya waje da kanta, yatsun suna kallon bango, in na haɗa dugadugai sai in ga ta hagu ba ta kai ba. Hajiya ta jiƙa mini wani sassaƙe da ta zo da shi daga gida, tana tambaya ko jikin ne, ina ba ta amsar da ta saba ji.

Ranar Talata maigidana da Hamadou, mijin Aïssata, suka ɗauke ni a kujera suka hau matakala da ni. A asibiti aka sake ɗaukar hoto. Likita ya maƙala shi a jikin fitila. Ba sai an fassara mini ba. Ƙarfen ya lanƙwashe kamar cokalin da aka taka, kusoshi uku sun fice suna kallon wani wuri, ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa.

Ya cire tabarau ya yi tambaya. Kafin Aïssata ta juya mini, maigidana ya amsa da nasa Faransancin na shago: santsi ne, ruwan sama, ta zame a bakin ƙofa. Likitan bai kalle shi ba. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskata, ya sake tambaya.

"Ya ce daga bakinki yake son ji," in ji Aïssata. "Ya ce faɗuwa ɗaya ba ta yin wannan, ƙarfen ya daɗe yana ɗaukar nauyi." Sai ta ƙara da nata a hankali, "Ki faɗa masa, Sajida."

Na so in faɗa. Amma me zan ce da mutumin nan zai gane? In ce na karya ƙafata don in gaida ƙanin uban mijina? In ce ba wanda ya sa ni? Ga maigidana a tsaye, hularsa a hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana roƙona da ido kada in sa sunan mahaifiyarsa a bakin baƙo.

"Faɗuwa na yi," na ce.

Aïssata ba ta fassara ba, ta juya mana baya. Likitan ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce za a sake buɗewa a cire ƙarfen, a yanke bakin ƙashin da ya ragargaje, a sa wani. Zai haɗe, amma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ƙafar za ta gajarta da kamar yatsu uku, ɗingishin zai fi na da, ciwon kuma ba zai yi mini alkawarin zai tafi ba. Hamadou ne ya ƙarasa mini fassarar, don matarsa ba ta sake juyowa ba.

* * *

An yi aiki na biyu. Hajiya ta ƙara sati uku, takardar zamanta ta ƙare. Ranar tafiyarta ta shigo da mayafinta na fita, ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallon ƙafar a ƙarƙashin zane, leɓenta yana motsi kamar za ta tambaye ni wani abu. Ina so ta tambaya, ina kuma addu'a kada ta tambaya. Sai ta dafa kaina.

"Allah ya yi miki albarka. Na zo jinyarki, ke kika yi tawa. Duk wanda ya tambaye ni a gida zan ce ban ga suruka mai kunya irinki ba."

Na ce amin, na gode, Allah ya kai lafiya. Ta cika alkawari kuwa. Yayata ta kira daga Kano ta ce ko'ina zancena ake, na fitar da su kunya.

Wannan karon na cika satuttukan daidai. Maigidana ya dawo kwana gida yana yi mini komai, amma ba ma dariya, kuma ba mu taɓa ambatar Juma'ar nan ba. Ƙashi ya haɗe. Ranar da likita ya ce in tsaya a kan ƙafa biyu, ya yi ta tura 'yan katakai a ƙarƙashin diddigena na hagu har kafaɗuna suka daidaita, ya rubuta awon a takarda.

Jiya da safe maigidana ya ɗauki takalmina na fita unguwa, ƙafar hagu kaɗai, ya sa a leda tare da takardar, ya kai wa wani ɗan Ghana mai gyaran takalmi a bakin titi. Yau da hantsi ya dawo da shi. An liƙa masa baƙar roba mai kauri, hawa uku, an datse gefen da wuƙa, har yanzu yana warin gam. Ya ce aikin ya yi kyau, ya ce in na sa dogon hijabi ba wanda zai lura. Ya ajiye shi a bakin ƙofa kusa da ɗan'uwansa, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ya saki labule ya tafi shago.

Har aka kira la'asar ban sa ba. Ina zaune ina kallonsu.